Saurar da Baffa Ya Bari

Na Allah ne mu, wurinsa muka nufa, Baffa kuwa ya riga mu isa. Ya cika ranar Talata da hantsi a ɗakinsa, a ƙauyenmu da ke tsakanin Kusada da Kankiya, aka sallace shi bayan azahar. Wan mahaifinmu ne, kuma shi ya riƙe mu tun da mahaifinmu ya rasu muna ƙanana.

An taru sosai. Tsofaffi sun zo daga Rimaye da Kunduru, wasu a kan babur, wasu da ƙafa. Ina zaune a tabarmar karɓar gaisuwa ina sauraren abin da kowa zai faɗa. Kusan duk bakinsu ɗaya: mutum ne mai magana ɗaya. Liman ya ce mai tsare amana ne. Wani Kirista ɗan Kudu da ke sayar da maganin feshi a kasuwar Kankiya ya cire takalmi ya durƙusa, ya ce a shekarun da ya yi a nan bai taɓa ganin Baba ya ce zai zo bai zo ba. Wani tsohon hedimasta ya gyara zama ya ce, "Da wannan bawan Allah ya yi boko, da yana cikin masu tsara manufofin ƙasar nan." Aka gyaɗa kai. Na jira har magariba in ji wanda zai ce mai tausayi ne. Ban ji ba.

A cikin gida mata ba su yi kuka mai yawa ba. Gwaggo, ƙanwarsa, wadda ita kaɗai ta rage a ɗakinsu, tana zaune da carbi. Wata maƙwabciya ta ce mata, "Sai haƙuri, Gwaggo." Ta ce, "Haƙuri ai mun gama yin shi tun yana da rai."

Ƙanena, wanda muke uwa ɗaya uba ɗaya, ya zo daga garin Ƙofa a bayan ɗan acaɓa. Ya sauka yana jan ƙafarsa ta hagu, ya tsaya a sahun ƙarshe. Da aka dawo daga maƙabarta bai zauna cikinmu masu karɓar gaisuwa ba. Ya bi layin baƙi, ya miƙo mini hannu, ya ce, "Ya haƙuri?" kamar wanda ya zo daga wani gari bai san gidan ba. Kafin la'asar ya tafi. Shekara ashirin da uku ke nan bai kwana a gidan da aka haife shi ba, kuma duk tsawon shekarun nan ba abin da nake nema wurin Allah kamar ya dawo. Shi ya sa na zauna rubuta wannan. A tabarmar gaisuwa rabin mutum ake faɗa, ni kuwa ina so jikokinmu su san Baffa gaba ɗayansa.

Gandu ɗaya muke, mu da 'ya'yansa. Da safe har azahar kowa yana gonar gida. Da yamma da ranar Juma'a kowane magidanci yana gayaunarsa, wato 'yar gonar da aka yanka masa, wadda abin da ya fito cikinta nasa ne, ya yi wa iyalinsa sutura da cefane. Baffa dogo ne, marar jiki, ba ya cin goro, ba ya zaman dandali. Yana da rediyo a cikin jakar tsumma da ya ɗinka da kansa. In muna gona, a reshen gawo yake rataye ta. Ba ya ɗaga murya. Ban taɓa ganin ya bugi kowa ba, ko jaki.

Yana da wata al'ada da ban gani a wani gida ba. Ranar da aka gama shigar da hatsi za a liƙe babban rumbu da laka, sai ya tara duk mazan gidan a gindin rumbun, ya faɗi yadda shekara mai zuwa za ta kasance: yaushe za a buɗe rumbu, wa zai tafi cin rani, wa zai zauna ya kula da dabbobi. Kowace magana sau uku yake faɗin ta. In ya gama sai ya ce, "Mai magana ya yi yanzu. In laka ta bushe, ba ni da kunne." Ranar kowa ya ƙoshi, kowa yana murna, ba wanda ke tunanin wata magana za ta taɓa shi. Ba a taɓa samun wanda ya yi musu ba.

Cikin maganganun akwai ɗaya da ba ta canjawa. Duk wanda ya tafi cin rani, ruwan shuka ya sauka ba ya gida, ba shi da gayauna a wannan daminar, kuma ba mai shuka masa. In yana so a mayar masa, sai ya tsaya a gindin rumbu ranar liƙi, a gaban kowa, ya ce, "Na makara."

Gwaggo ce ta gaya mini inda maganar ta samo asali. Lokacin Baffa yana matashi, sabon aure, wata shekara samarin gidan duk suka daɗe a Kudu, shi ma yana cikinsu. Ruwa ya sauka da wuri, tsofaffi suka kasa shuke gonar, aka yi shuka a makare, hatsi bai kai ba. A daminar da ta biyo, gidan ya binne yara biyu. Ɗaya ɗansa ne na fari. Bai taɓa ambaton yaron a gabanmu ba.

Ba zan ɓoye alherinsa ba. Ina da shekara goma sha takwas kurkunu ya fito mini a idon sawu. Na yi wata biyu ba na takawa. Kullum bayan sallar asuba Baffa zai zo ya ɗora ƙafata a cinyarsa, ya wanke gyambon, ya naɗe tsutsar a jikin tsinke kaɗan-kaɗan, bai taɓa ja da gaggawa ta tsinke ba. In na yi ihu sai ya ce, "Yi ihunka, ba ya hana ni aiki." Ranar da ta fita duka ya yanka mini zakaransa. Hannun da ya yi mini wannan shi ne ya miƙo mini fartanya bayan shekara tara.

A shekarar ƙanena ya tafi Kudu yana lodin kaya a tasha. Yana da mata da jaririya. Saura kaɗan ya taho, buhunan albasa suka zubo masa daga bayan mota, ƙafarsa ta karye gida biyu. Lokacin waya ba ta iso mu ba. Wani ɗan garinmu da suke tare ne ya kawo saƙo, a gaban Baffa ya faɗa, ya ce yana hannun mai ɗori, da zarar ya iya zama a mota zai taho. Baffa ya ce, "Allah ya sawwaƙe." Bayan kwana huɗu ruwan shuka ya sauka.

Na ɗauka karaya ba ta cikin maganar. Duk da haka ban tambaya ba, don na ji tsoron amsar. Da yamma, a lokacin da yake nawa, da irin dawa nawa, na ɗauki sungumi na shuke gayaunar ƙanena. Yamma uku na yi. Gonar tana bakin hanyar da Baffa ke bi kullum. Ya gan ni, ya yi mini sannu da aiki, ya wuce. Na ce a raina shi ke nan.

Ƙanena ya iso bayan kwana goma sha ɗaya, an ɗaure masa ƙafa da karare, yana dogara sanda. Dawar ta fito, ta yi ganye uku, kore shar. Washegari da safe Baffa ya ce yau ba gonar gida za a fara ba. Ya tara mu duka a gayaunar, ya sa aka kawo ƙanena a kan jaki aka zaunar da shi a inuwa.

Ya ce, "Wa ya shuka nan?"

Na ce, "Ni ne, Baffa."

"Kana gindin rumbu ranar liƙi?"

"Ina nan."

"Sau nawa na faɗa?"

"Sau uku. Amma Baffa, ba makara ya yi ba. Ga ƙafar nan kana gani."

"Ina gani. Na ce wanda ya yi wasa, ko na ce wanda ba ya gida?"

Ya ciro fartanyarsa daga kafaɗa ya miƙo mini. Ya ce, "Wanda ya shuka shi zai cire. In ba ka cire ba, taka ma ta tafi bana."

Mahaifiyarmu tana da rai a lokacin. Matata tana da ciki. Ga matar ƙanena da goyo. In tawa ta tafi, ɗakinmu gaba ɗaya ba shi da ko zangarniya ɗaya da zai ce tasa ce. Ina tsaye ina wannan lissafi, ƙanena ya yi magana daga inuwa.

"Yaya, kar ka karɓa. Bar shi ya cire da hannunsa."

Baffa ko juyawa bai yi ba. Na karɓi fartanyar. Yana ganin na karɓa ya rataya rediyonsa ya kama hanyar gonar gida, 'ya'yansa suka bi shi. Bai tsaya ya ga ko tsiro ɗaya ya faɗi ba. Aka bar ni da ƙanena da jaki.

Na fara daga gabas. Ƙasar da danshi, dawar tana fita ba wuya. Na kai tsakiya ƙanena ya sake cewa, "Yaya, don Allah." Na kusa gamawa ya ce, "Bar mini ko layi ɗaya." Ban ɗaga kai ba. Na san Baffa zai biyo da yamma ya duba. Kafin azahar na gama. Na ɗora ƙanena a kan jaki na ja shi gida.

Da Gwaggo ta ji, daga gidan aurenta ta taho da ƙafa, ko mayafi ba ta daidaita ba. Ta sami Baffa a zaure yana cin tuwo. Duk unguwa an ji su, ko in ce an ji ta.

"Kai wane irin mutum ne? Maraya, da karyayyar ƙafa! Ɗan ƙanenka!"

"Zamna ki ci tuwo."

"Allah ya kiyashe ni da tuwonka. Da ɗanka ne haka za ka yi?"

"Da ɗana ne da ni zan cire da kaina."

"To mi zai ci?"

"Rumbun gida bai hana shi ba. Tuwo zai ci kamar kowa. Gayauna ce babu."

"Ka bar shuka ta fito, ka bar yaro ya iso, sannan ka sa a cire. Mi ya hana ka tsai da ɗan'uwansa tun ranar farko?"

Ya ajiye loma ya dube ta. "In na hana a ɓoye, mutum biyu suka sani. Yanzu duk wanda zai tafi Kudu daga gidan nan ya gani da idonsa."

Gwaggo ta ce, "Wanda ka binne ba zai dawo ba ko ka cire dawar duniya." Ban taɓa ganin fuskar Baffa ta yi irin abin da ta yi ranar ba. Ya wanke hannu, ya ce mata rana ta yi, ta kama hanya. Shekara biyu ba su gaisa ba.

Ƙanena ya ci tuwon gidan har kaka. Ranar liƙin rumbu Baffa ya gama maganarsa, ya ce, "Akwai mai abin faɗi?" Kowa ya juya ya dubi ƙanena. Kalma biyu ce. Na matsa kusa da shi na ce, "Faɗi kawai, ba a rubuta ta a goshi." Ya miƙe da sandarsa ya ce, "Ban makara ba. Karyewa na yi." Baffa ya ce a kawo laka. A makon ƙanena ya kwashe matarsa da 'yarsa ya koma Ƙofa wurin surukansa. Ƙafar ba ta ɗoru daidai ba. Ya koyi facin taya, da shi yake ci har yau.

Gwaggo ta so ya kai ƙara wurin alƙali a raba gado, ya ce ba zai tsaya da wan ubansa a gaban shari'a ba. Gonar kuwa Baffa bai ba kowa ba. 'Ya'yansa sun yi aure, ƙasa ta yi mana kaɗan, an roƙe shi ba sau ɗaya ba. Amsarsa ɗaya: "Tana da mai ita. Ya zo ya faɗi abin da ake faɗi." Sabara da geza suka cinye ta, awaki suka mai da ita wurin kiwo. A tsakiyar gonaki masu kyau, ga saura kamar tabo. Mutanen gari suka sa mata suna saurar Baffa. Mahaifiyarmu ta rasu tana kallon ta daga bakin hanya.

Dole in faɗi wannan ma: daga shekarar ba wanda ya sake makara a gidanmu. Samarinmu suna barin aiki mai kyau a Kudu su taho tun hadari bai fara haɗuwa ba. Ba mu taɓa yin shuka a makare ba. Shekarun da maƙwabta suka ci tafasa da rama, mu tuwo muke ci.

Kalmar da hedimasta ya faɗa a wurin gaisuwa, a rediyon Baffa na fara jin ta. Kullum ana cewa masu tsara manufofi sun gana, an yi kira ga masu tsara manufofi. Na ɗauka wani suna ne na masu mulki kawai, kamar a ce manya. Wata shekara aka ce takin gwamnati sai wanda aka turo wa saƙo a waya. Baffa ba shi da waya, bai kuma yarda a sa sunansa a ta wani ba. Na raka shi Kankiya, muka yi layi tun safe har rana ta take. Da muka isa gaban tebur, ma'aikacin ya ce, "Baba, ina saƙonka?" Ba saƙo. Mutane suka sa baki, suka ce dattijo ne, kowa ya san gonarsa. Ma'aikacin ya ce, "Wallahi na san shi. Ba ni na tsara ba." Muka dawo hannu wofi.

A hanya ina jira ya yi faɗa, har ina jin wani daɗi a raina, in ga yadda abin yake in ya faɗo kansa. Sai ya ce, "Mutumin nan ya yi daidai. Da ya ba ni da na raina shi." A shekarar da takin gida kaɗai muka yi noma, bai sake ta da maganar ba.

Shekara huɗu da suka wuce na shiga ajin yaƙi da jahilci a Kusada. Bayan la'asar muke zama a bencin 'yan firamare, gwiwoyinmu suna taɓa tebur. Wata rana malaminmu ya kawo shafin jarida ta Hausa, aka ba ni layin da kalmar take. Na haɗa ta da ƙyar, na ce, "Malam, su wane ne waɗannan da kullum ake kira gare su ba sa amsawa?"

Aka yi dariya. Malam ya ce ba mai rabon taki ba ne, ba mai gadin sito ba ne, ba ɗan sandan da ke kan hanya ba ne. Waɗannan masu aiwatarwa ne. Ya ce manufa ita ce inda ake so a kai, misali kowa ya samu abinci, ko yara su yi karatu. Masu tsara ta su ne waɗanda ke zama tun kafin abu ya faru, su yanke wa zai samu, yaushe, da wane sharaɗi. In sun gama sai su miƙa wa wasu su yi. Ya ce ba a gwamnati kaɗai ake samun su ba, makaranta tana da su, ƙungiyar manoma tana da su.

Wani tela da ke zama kusa da ni ya ce, "Ashe uwargidana ce. Ita ke tsarawa, ni ke shan zagin yara." Aka sake fashewa da dariya. Ni ban yi ba. Gindin rumbu nake gani.

Da na koma gida na sami Baffa a zaure, lokacin ya fara rauni, ido ya yi ƙasa. Na gaya masa abin da Malam ya ce. Ya saurara har ƙarshe.

Ya ce, "Malaminku ya bar rabi. Mai ba da umarni yana ganin wanda yake ba. Alƙali yana ganin mai laifi a gabansa, in ya ga hawaye zuciyarsa tana iya karyewa. Mai tsarawa shi tun ba kowa a gabansa yake yanke magana. Ranar da mutum zai bayyana, magana ta riga shi zuwa."

Na ce, "To in ta faɗa kan wanda ba shi da laifi fa?"

"Sai ta faɗa. Ba wadda ba ta faɗawa kan wani marar laifi. Wanda ba zai iya ɗaukar wannan ba, kar ya zamna wurin."

"Shi wanda ta faɗa wa fa, Baffa? Shi ma ɗauka yake yi."

Ya lalubi rediyo ya kunna.

Jinyarsa ta ƙarshe wata uku ce. Ni nake juya shi, ni nake ba shi kunu, don 'ya'yansa har lokacin suna shakkar zuwa kusa da shi. Na daɗe ina jiran ranar da jiki zai sassauta masa zuciya. Ana saura kwana biyar ya rasu, da hantsi, na ga ya ɗan farfaɗo. Na ajiye kofi na ce, "Baffa, ina roƙon abu ɗaya. Ka ce in je Ƙofa in zo da shi. Ba sai ya faɗi komai ba."

"Ni ban kore shi ba."

"Na sani. Ka ce dai ya dawo."

"Yara nawa suka baro aikinsu suka taho da wuri saboda shi? In na janye yau, mi zan ce masu? In ce wasa nake?"

"Ba wanda zai tambaye ka, Baffa. Ka kusa gamuwa da Ubangijinka."

"Shi ya sa. Ba zan je da magana biyu ba." Ya ɗan numfasa. "Rumbu na nan. Ranar liƙi na nan. Ƙafa ɗaya ma tana kawo mutum."

Na ɗauki kofi na ci gaba da ba shi kunu. Ya shanye tas.

Bayan addu'ar bakwai, liman ya zauna da mu a kan gado. Ya ce gonakin na mahaifinmu da Baffa ne, za a raba yadda shari'a ta ce. 'Ya'yan Baffa ba su yi musu ba. Babbansu ya ce saurar a bar wa mai ita, ba wanda yake son ta a rabonsa. Ni ne yanzu babba a gidan. Ba wanda zai tsaya a gindin rumbu ya faɗi komai. Washegari na hau keke na tafi Ƙofa, ina ta shirya maganar a bakina.

Na same shi a rumfarsa a bakin hanya, yana goge tayar babur. Ya turo mini benci da ƙafarsa mai lafiya. Muka gaisa, na tambayi iyali, na gaya masa yadda aka yi da liman.

Na ce, "Gonarka ce. Ɗakinku ma yana nan, rufi kawai yake so. Kafin ruwa ya sauka ni zan sassabe ta da kaina."

Ya ce, "Kai za ka sassabe? Ai hannunka ya san gonar."

Na ce, "Wanda ya yi maganar ya tafi. Ka yafe masa ka dawo gida."

"Baffa? Tun a maƙabarta na yafe masa, da liman ya ce a yafe." Ya shafa gam a kan facin, ya hura. "Baffa ba da ni yake ba, Yaya. Da kai ka karye haka zai yi. Da jaki ne ke da gayauna haka zai yi. Shi bai san ni ba. Ko tsayawa bai yi ba. Kai ka san ni. Nono ɗaya muka sha. Sau uku na kira ka."

"Inna tana da rai. Matarka da goyo. Da tawa ta tafi, da mi za mu yi?"

"Na sani. Rigar da 'yata ta sa da sallah a shekarar, daga dawarka aka saye ta. Ban manta ba. Lissafinka daidai ne." Ya manna facin ya danne da babban yatsa. "Da ka ɗaga kai ka dube ni sau ɗaya kana cirewa, da na faɗi kalmar nan tasa tun shekarar. Ba don shi na ƙi ba. Na ƙi zama gida ɗaya da wanda zai iya yin aikin nan bai ɗaga kai ba."

Na ce, "Ka yafe mini."

Ya ce in ɗansa yana son gonar a ba shi, in ba ya so a bar wa awaki, sun saba. Shi dai ba zai taka ta ba. Mai babur ya iso yana gaggawa, ƙanena ya juya wurinsa. Da na miƙe ya ce, "Ka gai da Gwaggo."

Na turo keken har na fita gari kafin in iya hawa.

Allah ya jiƙan Baffa. Ya riƙe marayu, ya ciyar da gida, bai ci haƙƙin kowa don cikinsa ba. Allah ya dubi ɗan farin da ya binne yana matashi, ya sassauta masa tambaya, ya yi masa hukunci da rahamar da ke duban fuskar bawa. Ya tafi da yafiyar ƙanena. Wanda ya karanta wannan, in ya gama yi masa addu'a, ya sa ni a ciki, don ni ban samu ba tukuna.